Lodin Bakin Daji

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina cusa shanu a mota a kara, wato kasuwar shanu, ta Birnin Gwari, kuma a zamanina ba a yi wanda ya kai ni ba. Aikinmu mu 'yan lodi ɗaya ne: fatake su saya, mu shigar da abin da suka saya cikin tirela, a nufi kudu. Motar da wani zai ce ta cika, ni in na leƙa sai in ga wurin huɗu. Na san yadda ake juya kan wannan gabas, na wancan yamma, a saƙa ƙaho cikin ƙaho kamar ana saƙar zana. In sa ya ƙi hawa, a murɗe masa wutsiya har ta yi ƙara. In ya kwanta, akwai dakakken barkono ƙulle a leda cikin aljihuna. A shafa masa a ido, zai miƙe ko da mutuwa ya fara. Saboda wannan gwaninta aka ba ni sarautar da ba ta da rawani, ana ce mini Sarkin Lodi, ni kuwa ina amsawa kamar gadonta na yi.

Ana nan aka kawo mana sabon malamin dabbobi. Mu abin da muka sani da malamin dabbobi shi ne ya duba baki da kofato, ya buga hatimi a takardar tafiya, a yi sallama. Wannan kuwa wani siririn mutum ne, Gbagyi, mai tsohon babur da ba ya tashi sai an tura, kuma Hausarsa ta fi tawa tsabta don a Zariya ya yi karatu. Ranar kasuwarsa ta farko ya tara mu a gindin ɗorawa, ya ce akwai doka. Ya ce ba shi ya ƙago ta ba, ta daɗe a rubuce, mu ne dai ba mu taɓa gaisawa da ita ba. Laifi ne a azabtar da dabba. Laifi ne a cusa ta inda ba za ta iya tsayuwa daidai ba. Ba a ɗora marar lafiya, kuma sai an shayar da su kafin a tashi.

Muka saurara har ya gama, don ba kullum ake samun wasan kwaikwayo kyauta ba. Sannan na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta.

"Malam, in sa ya kai ni ƙara, da wane yare zai yi wa alƙali bayani?"

"Ni zan yi masa tafinta," in ji shi.

"To mu da muke zama kan katako a saman mota, rana na gasa mu har Ikko, wace doka ta ce a shayar da mu?"

"Kai kana da baki, Sarki. Tun safe nake jin sa."

Aka yi dariya, rabi ni ake yi wa, rabi shi. Kafin azahar mun raɗa masa Lauyan Shanu, kuma har ya bar garin bai rabu da sunan ba.

Makaminsa alli ne, irin na makarantar boko. Kafin a fara lodi sai ya hau cikin motar, ya riƙa auna taku yana jan layi a jikin bodi, kowane layi wurin dabba ɗaya. Mu muna ƙasa muna yi masa kirari. Wani ya ce a sa musu katifa, wani ya ce a tambaye su ko suna son shayi da madara. Ba ya ko waiwayowa. In ya gama ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga masu shiga. In sun cika layukansa, a rufe. Ka ƙara ko ɗan maraƙi, ba takarda, kuma mota ba takarda ba ta yin nisa.

Fatake suka shiga damuwa, don motar da aka saba gani maƙil yanzu tana tashi shanu na ta kaɗa wutsiya kamar masu zuwa biki. Suka zo wurina, ni kuma ban ba su kunya ba. Ni na ƙirƙiro abin da muka kira lodin bakin daji, kuma ina so a rubuta haka, kada a ɗora wa wani. A hanyar Tegina, bayan an bar gari kaɗan, akwai wani busasshen rafi mai gaɓa daidai tsayin bayan tirela. Tun da sassafe sai a kora rarar shanun can a ɓoye. Mu kuma a kara mu yi lodi bisa alli, mu karɓi takarda, mu yi wa Lauya godiya har da rusunawa. Da mun isa rafin direba ya ja da baya, a buɗe, a danna sauran. A hanya kuwa wa zai hau saman mota cikin wannan wari ya ƙirga ƙahoni? Takarda ake dubawa, takarda kuma lafiyarta ƙalau.

Mun daɗe muna haka. Shanu kan faɗi, wasu a yanka a hanya, amma da ma wuƙa za su tarar a can, sai muke ganin mun rage musu tafiya ne kawai.

Akwai wani tsohon Bafulatani daga wajen Randagi da muka daɗe da sabawa. Ina ce masa Baffa, shi kuma bai taɓa kira na da komai ba sai Kaɗo, kamar ni kaɗai ne Bahaushe a duniya. Yakan kawo mini man shanu a ɗan ƙoƙo, ya zauna ya zage ni a kan yadda nake dukan dabbobi, in ce masa ai shi ma sayar da su yake yi a yanka, ya ce shi dai bai taɓa murɗe wa kowa wutsiya ba. Wata ranar kasuwa cikin bazara sai ga shi da farar saniya, bunaji, mai kyan tozo, cikinta ya fara fitowa. Dillalai suka yo kanta. Ya kore su da sanda.

"Ba ta sayarwa ba ce, Kaɗo. Ta yarinyar nan ce."

Yarinyar nan ita ce 'yarsa ta fari. Ba ya faɗin sunanta, kunyar 'yar fari. Ta yi aure a wata ruga kusa da Tegina, ta haihu, lokaci ya yi da za a kai mata dukiyarta. Ranar sunanta ya ba ta karsana, kamar yadda suke yi, karsanar ta hayayyafa, amma ciwo ya ɗauki wasu, ɓarayin daji suka kora wasu. Wannan farar jikar waccan karsana ce, kuma ita kaɗai ta rage. Da a da ne, da ya kora ta da ƙafa ta cikin daji. Amma a shekarun nan dajin ya fara lalacewa, mai saniya ɗaya ma ba ya ratsa shi. Shi kuma ba zai bi mota ya je ya tsaya gaban surukai ba, ko da za a ba shi motar kyauta. Ya riga ya aika, za su jira a bakin titi kafin a shiga Tegina.

"Ka sauke mini ita a tsaye," ya ce. "Shi ke nan abin da nake so."

Lauya ya zo ya shafa cikin saniyar, ya ɓata fuska. Ya ce shi ba ya son mai ciki ta hau mota sam. Baffa ya yi masa bayanin dajin, wanda shi ma ya sani. Sai Lauya ya ce to, da sharaɗi. Ya hau motar wani Alhaji da muke lodi ranar, ya ja mata wurin dabba biyu a bakin ƙofa, ya sa aka gicciya katako tsakaninta da sauran, aka ƙara mata yashi a ƙasa don kada ta zame. Ita za ta shiga ƙarshe, ita za ta fara sauka.

Baffa ya leƙa ya ga ɗakin da aka yi wa saniyarsa, ya washe baki.

"Ka gani, Kaɗo? Wannan ya fi ka hankali, ga shi bai kai rabinka a ƙiba ba."

"Baffa, ai ko amarya ba a yi wa haka."

"Kai za ka raka ta da kanka?"

Na dafa ƙirji na ce masa ni da kaina zan raka ta. Na rantse ma, ba tare da ya nema ba. A lokacin da nake rantsuwar na san sarai akwai bijimai bakwai na Alhaji suna jiranmu a rafi tun da sassafe.

Saniyar ta hau ba gardama. Baffa ya yi mata magana da Fulatanci a kunne, ya juya ya tafi bai waiwayo ba.

Da muka isa rafin, direban ya ja da baya ya sauko. Mutum ne da ban taɓa jin ya tausaya wa ko fasinja ba, amma ya dube ni ya ce, "Sarki, amanar tsohon nan fa?"

"Tegina nan da can? Kafin ta gama tuƙa ɗaya mun isa."

"Mai ciki ce."

"Kai ungozoma ne? Buɗe mana."

Akwai hanyar da ta fi sauƙin laifi, kuma ta zo mini a rai. Da na sauke ta tukuna, na danna bakwai ɗin, na mayar da ita bakin ƙofa da katakonta. Amma rana ta take, wurin kuma ba wurin daɗewa ba ne, kowa na waige-waige. Kuma gaskiyar magana, in na bar mata wurin nan nata, bakwai ba za su shiga ba, ni kuwa ban taɓa ce wa Alhaji abu bai shiga ba. Na zare katakon na jefar. Muka danno bijiman ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya shiga sai ya tura ta gaba. Da aka rufe ƙofa tana tsakiyar mota, ƙaho ta ko'ina, farin bayanta kawai nake hange.

Na hau katakon sama muka kama hanya. Wanda ya san titin nan a lokacin ya san ramukansa ba ramuka ba ne, rijiyoyi ne da ba a gama haƙawa ba. Mota ta faɗa wannan ta fita, ta faɗa wancan. Ina ta leƙenta ina cewa a raina ai ga shi tana tsaye, da ma Lauya tsoro ne ya yi masa yawa. Mun yi kamar rabin tafiya sai motar ta zurma wani rami ta karkata. Shanun duka suka tafi gefe ɗaya suka dawo. Na duba, babu farin baya.

Na buga kan mota ina ihu a tsaya. Direba ya leƙo ya ce a nan? Daji ne hagu da dama, ba gida ba gona. Ya ce ko uwarsa ce ta faɗi ba zai tsaya a nan ba. Ban ga laifinsa ba, har yau.

Na saƙalo ƙafa a katako na zuro jiki cikin ƙahoni, mota na tafiya. Abin da ban taɓa tsayawa na lura ba duk shekarun nan shi ne, in dabba ta faɗi a cunkoso, wurinta ba ya jiran ta. Sauran sukan matso su rufe shi nan take, don su ma numfashi suke nema. Tana ƙasa, suna samanta. Na lalubo wutsiyarta na murɗa. Ta yunƙura, ta bugi cikin wani bijimi, ta koma. Na sake. Sai hannuna ya tafi aljihu da kansa, kamar yadda ya saba. Na kwance ledar, na miƙa hannu tsakanin ƙafafu har na samu fuskarta, na cusa mata barkono a ido biyu. Ta yi wani kuka da ban taɓa ji ba. Ta yunƙura da duk ƙarfinta. Amma babu inda za ta miƙe, ni na sayar da wurin.

Mun sami 'yar Baffa da mijinta a inda aka ce. Mijin yana riƙe da sabuwar igiya. Ita tana goye da jaririnta, ta ci ado, da wasu mata uku da suka rako ta tarbar saniya. Ba wurin saukewa a nan, sai da muka ƙara gaba muka samu tudu, suna biye da mu a ƙafa. Muka sauke bijimai bakwai da wasu biyar kafin mu kai gare ta, muka jawo ta da igiya. Farar saniya ta koma kalar kashi da jini. Tana numfashi sama-sama.

Matar ta durƙusa ta kira ta da sunan da suke kiranta a gida. Kunnen ya motsa. Mijin ya zagaya ta sau ɗaya, ya taɓa ƙashin baya, ya taɓa cikin, ya ce a juya ta alƙibla. Ya zaro wuƙarsa.

Ba wanda ya tambaye ni komai, amma bakina bai iya zama haka nan ba.

"Da ma da ciwonta," na ce. "Tun a kara na ga tana layi. Na so in faɗa wa Baffa, na ji nauyi."

Mijin bai ɗago ba. Ita kuwa ta sa yatsa ta share hawayen da ke idon saniyar, ta kai hanci, ta yi atishawa. Ta dube ni. Ta goge yatsan a zanenta.

Muka mayar da shanun Alhaji duka goma sha biyu, suka shiga tsaf, har na ji ana yaba mini.

Kasuwa ta zagayo. Ina gindin ɗorawa ina cin rogo da ƙuli sai ga Baffa da ƙirgi naɗe a kafaɗa. Surukin ne ya feɗe ya aiko masa. Ya yi sallama, ya gaishe ni har da tambayar iyali, sannan ya shimfiɗa fatar a ƙasa, cikinta a sama. Mutane suka taru. Ni ban san fata tana riƙe shaida haka ba. Ko'ina tabo ne baƙi, wani kan wani, wasu wuraren a huje, kowanne da tsagar nan ta tsakiya. Ya riƙa nunawa da bakin sandarsa, a hankali, kamar mai koya wa yara karatu.

"An ce mini ka ce ciwo ne, Kaɗo. Na yi kiwo tun ban san wando ba. Wane ciwo ne mai kofato?"

Wani ya yi dariya ya haɗiye ta. Na ajiye rogon.

Lauya ya ratso taron ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Ya miƙe ya tambaye ni nawa na ƙara.

"Biyu," na ce.

Ko a ranar ban iya faɗin bakwai ba. Ya dubi fatar ya dube ni, ya ce wa Baffa wannan magana ce ta kotu, ga shaida a shimfiɗe, shi da kansa zai tsaya. Na fara tunanin wa zan aika gida ya faɗa.

Baffa ya girgiza kai. "Alƙali zai haifa mata maraƙi?"

Ya naɗe ƙirginsa ya saɓa. Na bi shi ina Baffa, Baffa, tsaya mu yi magana, a san abin da za a yi. Ya tsaya.

"Saniya ba ta ƙare a duniya ba," ya ce. "Zuri'ar karsanar yarinyar nan ce ta ƙare." Ya gyara sandarsa. "Sai wani jiƙon, Sarkin Lodi."

Bai taɓa kira na da wannan suna ba sai ranar, kuma da ya zage ni da uwa da uba da ya fi mini sauƙi. Man shanu bai sake zuwa ba. Bayan damina biyu na ji ya tashi daga Randagi da abin da ya rage masa, wasu suka ce Bauchi, wasu suka ce ya ƙetare iyaka. Ban neme shi ba. Na riƙa ce wa kaina zai dawo kasuwa wata rana in roƙe shi gafara a tsanake.

Zan so in ce daga ranar na shiryu, amma masu shekaruna suna nan da rai, za su ƙaryata ni. Lauya ya gano rafin, ya koma raka motoci a kan baburinsa har su wuce shi. Mu kuma muka samo wata gaɓar a gaba, inda baburin ba ya kaiwa. Barkono kawai na daina ɗauka, shi ma don na kasa sake taɓa ledar ne. Lodi kuwa gwiwoyina ne suka sallame ni daga shi, ba tsoron Allah ba. Tsoron Allah daga baya ya zo, da ya ga na zauna wuri ɗaya.

Bara na je ta'aziyya wajen Tegina. A tasha muna jiran mota ta cika, yunwa ta kama ni, na yafito wata mai fura da nono. Dattijuwa ce, da furfura a gaban ɗankwali. Ta sauke ƙwarya ta dama mini, ta miƙo da ludayi. Na kurɓa na ji nonon da kauri, irin wanda ba a yi wa ha'inci da ruwa ba.

"Kai, madalla," na ce. "Wannan nonon shanunki ne?"

"Na mijina ne, Baba." Ta ci gaba da goge bakin ƙwaryarta. "Ni tawa ba ta iso ba."

Na ɗago na dube ta da kyau.

"Ka tsufa, Sarkin Lodi," ta ce. "A ƙara sukari?"

Na buɗe baki, wannan bakin da bai taɓa rasa abin faɗa ba tun ina yaro. Kafin in haɗa kalma biyu wani fasinja ya kira ta daga can gefe, ta ce in ajiye ƙoƙon a nan in na gama, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.